Ranar da Aka Ci Ku Nake da Miji

Zuwa ga Maigida,

Gaisuwa irin ta kullum, wadda nake yi maka da safe kafin in ajiye maka koko. Ba zan tambayi lafiyarka ba, don inda kake ba a wannan tambaya. Fatana Allah ya sa ka iske sauƙi. Na san ba za ka karanta takardar nan ba. Ba tashar da zan kai ta, ba direban da ya san hanya. Ko sunanka ban sa a sama ba. Shekara goma sha tara bakina bai kira shi ba, yau hannuna ma ya ƙi. Littafin awonka na ɗauko, wanda kake rubuta tsawon hannu da faɗin kafaɗar mutane, na iske sauran shafuka a bayansa. Ka sha yi mini tsiya cewa lakwal ɗin nan, 'yar makarantar bokon da na yi a Jiratawa ba ta amfane ni da komai ba sai karanta takardar magani. To, yau ga ta ta yi wani aikin.

Yau lahadi, kuma yau ne wasan ƙwallo na ƙarshe. In yaran ƙungiyarku suka ci, kofin ƙasa ya zo Maraɗi. In aka yi kunnen doki ko aka ci su, ya koma Yamai inda ya saba zama. An bayyana mini wannan ya fi sau goma, don duk wadda ta shigo yi mini sannu da takaba sai ta ƙare da lissafin maki. Mata ne fa, Maigida, waɗanda bara ba su san mutum nawa ke buga ƙwallo ba.

Garin duk ya rikice. Ba na fita, saura kwana tara in gama takaba, amma katanga ba ta hana jin labari. Tun hantsi 'yan kabu-kabu ke zagaya unguwar Zariya suna danna oda. An ce mahaucin bakin kasuwa kwana biyu abinci ya ƙi shiga cikinsa, shi da ke wuni cikin nama. Maƙwabcinmu mai shagon hatsi ya rantse ba zai je fili ba, ba zai kunna rediyo ba, gona zai tafi ya zauna sai an tashi, amma matarsa ta gan shi yana ɓoye sabbin batura a aljihu. Ranar Juma'a liman ya ja kunnen masu kai baƙin bunsuru wajen boka saboda wasan yara. Kowa ya sunkuyar da kai, aka sallame salla, wasu suka nufi tashar Tibiri kai tsaye, za su wajen bokan. Da kana nan da ka yi dariya har tari ya sarƙe ka, sannan ka tambaya ko akwai sauran wuri a motar.

Ni kuwa ba na jin komai. Gara in faɗa maka tun daga nan. Ba na jin daɗi, ba na jin tsoro, ko baƙin cikin ma ba na jin sa yadda ake cewa ana ji. Tun ranar da aka fita da kai ban yi kuka ba. Na zauna na jira shi, bai zo ba. Wasu mata sun ce tawakkali ne, wasu sun ce taurin zuciya, ina jin su daga ɗaki suna raba ni tsakaninsu. Ina tashi, ina salla, ina cin abin da aka ajiye mini. Kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, haka nake tun daga kai har ƙasa. Yaya Hajo ce ta baro gonarta a Jiratawa ta zo ta zauna da ni. Ka san ta da baki. Yanzu ita ke maganar mutum biyu a gidan nan.

Bari in ba ka labarin gida kafin in shiga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. 'Yarmu Rabi ta haihu a Tibiri, namiji, lafiya lau. Mijinta ya sa masa sunanka. Ban je suna ba saboda takaba, sai da ta yi arba'in suka kawo mini shi. Ƙawayena suka yi ta tsokana wai na samu sabon miji tun ban fita takabar tsohon ba. Na yi musu murmushi don abin murmushi ne. Yana da kunnuwanka, Allah ya ba shi haƙuri. Na riƙe shi, na ji nauyinsa da ɗuminsa, na mayar wa uwarsa.

Damina ta sauka da kyau. Gulbi ya kawo ruwa, an ce zogalen Yaya Hajo ya fi ƙarfin mai tsinka. Ruwan farko ya kayar da katangar bayan gida, wadda ka yi shekara uku kana cewa gobe. Amininka Isufu mai gyaran rediyo ya tara abokanku na filin ƙwallo suka tayar da ita a yini ɗaya, ta ɗan karkace amma tana tsaye. Kekenka na ɗinki an ɗauko shi daga shagon Sabon Gari, yana nan a zaure na lulluɓe shi da tsohon zane. Mutum biyu sun zo neman rigunansu da ka yanka ba ka haɗa ba. Na ba su yankakkun ƙyallayensu, suka tsaya suna kallon su, ɗaya ya ce a bar masa nasa a haka. Zancen ƙasa kuwa yana nan inda ka bar shi. Yau a ce zaɓe, gobe a ce yajin aiki, jibi a ce soja sun ce a dakata. Tutocin jam'iyyun nan da ka ɗinka wa kowa da kowa, kana cewa allura ba ta da jam'iyya, duk an naɗe su an sa ƙarƙashin katifa. Tutar ƙungiyarku kaɗai ke yawo a gari. Mutanen da suka daina gaisawa tun zaɓen farko, an ce yanzu a fili goro ɗaya suke fasawa.

To, ga maganar.

Ka tuna yadda muke yi duk ranar wasa? Ka yi wanka bayan azahar, ka sa hula, ka zo bakin ƙofar zaure ka tsaya ka yi gyaran murya. Ba ka fita sai na taso, ko tuwo nake tuƙawa, na ce maka Allah ya ba da sa'a, a dawo da dariya. Tun ina amarya ka ƙirƙiro wannan. Na faɗa sau ɗaya don kunya, kuka ci 'yan Damagaram, shi ke nan ka yanke hukunci bakina na da sa'a. Ka baza wa abokanka. In an ci ku sai ka ce laifin alƙalin wasa ne, ko rana, ko mai tsaron gida da ya ci tuwo da yawa. Ba ka taɓa cewa laifin bakina ba ne.

Ƙarya nake yi maka, Maigida. Duk shekarun nan bakina na cewa Allah ya ba da sa'a, zuciyata na cewa Allah ya sa a ci su.

Ban taɓa ganin wasa da idona ba, da kunne na san shi. In iska ta juyo, hayaniyar fili har tsakar gidanmu take zuwa. In ihu ya tashi ya yi tsawo, kun ci. In ya tashi ya yanke a tsakiya, ƙwallo ta bugi ƙarfe. In gunaguni ne mai kauri, alƙalin wasa ake zagi, shi da iyayensa. In kuwa aka yi tsit har na ji kukan kurciya a kan dalbejiya, an ci ku ke nan. Wannan shirun nake jira. Da na ji shi sai in ƙara man shanu a miya.

Kada ka ce mugunta ce. Ka san yadda kake in kun ci. Daga fili ku bi gari da ganga, daga nan majalisar ƙofar shagon Isufu, ku sake buga wasan da baki tun daga farko, kowa ya nuna yadda da shi ne da ya ci uku. Ka dawo murya a dishe, kana ƙamshin tsire, ka dubi tuwona ka ce alhamdu lillahi. Kwana uku ba a jin komai a bakinka sai sunayen 'ya'yan mutane. Amma ranar da aka ci ku, kafin magariba kana gida. Ka shigo ba hayaniya, ka cire hula, ka zauna a tabarma. In kawo ruwa, in kawo tuwo, ka cinye tas. Ka bar ni in yanke maka farce. In yi ta ba ka labarin Jiratawa, wa ya yi aure, rijiyar wa ta rufta, kana cewa uhm, kana saurare da gaske don ba ka da wani wurin da za ka kai hankalinka. Rabi tana ƙarama ta hau bayanka ba ka ce ta sauka ba. Sauran kwanaki shago ke da kai, keke da allura da masu jiran kayan salla. Ranar nasara gari ke da kai. Ranar da aka ci ku nake da miji. Wace mace ce za ta yi addu'a a ƙwace mata wannan?

Allah kuwa ya yi ta karɓa mini. Kai ma shaida ne, ƙungiyarku ba ta bar ni na rasa miji da yawa ba. Shekara nawa kuka zo dab da kofi ya suɓuce? Akwai shekarar da saura wasa biyu, ka riga ka sayi yadin tutar murna ka ɓoye a shago. Aka ci ku a gida. Sati guda ba ka je majalisa ba. Ban taɓa gaya maka ba, wannan satin yana cikin mafi daɗin da na yi a gidanka. Ina kallon ka kana ciwo, ina tausayin ka, ina kuma jin daɗi, duka a zuciya ɗaya. Na sha niyyar in faɗa maka cikin wasa. In na buɗe baki sai in tuna yadda kake tsayawa a bakin zaure da hularka, babban mutum da furfura, kana jiran kalma tara daga wajena, sai in fasa.

Sai shekarun nan suka zo. Yadi ya yi tsada, ma'aikata kullum suna yajin aiki, ba mai ɗinka sabuwar riga, gwanjo ya cika kasuwa. Siyasa ta raba majalisarku, kai da Isufu ma kun yi wata biyu gaisuwarku ba ta wuce ta baki ba. Ka fara dawowa gida da wuri kullum, ko an yi wasa ko ba a yi ba. Abin da na yi shekaru ina roƙo ya samu, har ya yi yawa. Ka zauna a tabarmar nan, amma ba ka jin labarin Jiratawa, ba ka cinye tuwo. Dariyarka ta ɗauke. Likita ya auna ka ya ce hawan jini, ya ce ka rage gishiri, ka rage tunani, ka bar zuwa fili. Gishirin kaɗai na iya rage maka.

Ana cikin haka yaranku suka fara ci. Wasa bayan wasa. Ka ƙi yarda, ka ce an sha nuna maka irin wannan. Amma na ga ka fara aske gemu ranar lahadi. Na ga ka fiddo rediyo kana neman sakamakon 'yan Yamai, kana ta murɗa maɓalli.

Ranar da abin ya faru, da zafin bazara, 'yan Yamai ɗin ne suka zo da kansu. Tun safe ka kasa zama. Ka shiga bayi sau huɗu, na ƙirga. Koko ya huce a gabanka. Da ka zo bakin zaure ka yi gyaran murya, na taso zan tuna maka maganar likita kamar yadda na saba. Sai na ga wuyanka cikin rigar, yadda ya rame, rigar da kai ka ɗinka wa kanka daidai jikinka. Na fasa maganar likita. Na ce Allah ya ba da sa'a, a dawo da dariya. Kuma a karo na farko tun da aka kawo ni gidanka, har zuciyata na faɗa. Bayan ka fita na yi alwala na koma kan sallaya, na roƙi Allah ya ba bawansa dariya ko ta yini ɗaya ce. Na ce na yafe rabona na yau, gari ya ɗauke ka, ka kwana uku kana kiran sunayen 'ya'yan mutane.

Na zauna a tsakar gida ina tsinke zogale, kunnena na fili. Gunaguni, ihu ya tashi ya yanke, gunaguni kuma. Rana ta yi sanyi ba wanda ya ci. Har na fara tattara kwanuka, sai ihun ya zo. Ban taɓa jin irinsa ba, kaji sai da suka watse. Ka san abin da na yi? Guɗa na yi. Ni kaɗai a tsakar gida, da ganyen zogale a cinyata, na rangaɗa guɗa kamar ana shigo da amarya.

Daga baya Isufu ya faɗa wa Yaya Hajo yadda aka yi, ita ta faɗa mini. Saura kaɗan a tashi ƙwallo ta shiga. Ka miƙe da hannu biyu sama, ka juyo ka rungume shi ta wuya. Ya ɗauka murna ce, ya ɗauka sulhunku ne ya cika, ya riƙe ka yana tsalle da kai. Na kusa da ku suka ga ƙafafunka sun saki, suka ce daɗi ya kayar da Tela, suka ɗaga ka sama suna waƙa. Wani ya zuba maka ruwa a ka yana dariya. Sai da aka busa tashi suka sauke ka, suka ga bakinka ya karkace. Hanya ta cika da mutane, motar da ta ɗauke ka ta kasa wucewa, masu murna suna dukan jikinta suna rawa. Kafin a isa asibiti ka cika. Na lissafa, Maigida, na sake lissafawa. Lokacin da nake guɗar nan kana hannun Isufu.

Na san abin da malamai suka ce, sun kuma faɗa mini. Ajali ba ya gaba ba ya baya, ko kana kan tabarma ranar da ya same ka. Na yarda, ban musa ba. Amma sau ɗaya tak na roƙa muku nasara da gaskiya. Sau ɗaya. Ka ce in yi yaya da wannan? Wa zan gaya wa? In ce wa Rabi na yi shekara goma sha tara ina yaudarar ubanta, ranar da na daina kuma aka kawo mini shi a kwance? Na haɗiye. Ina jin tun daga ranar ne komai ya daskare.

Sati biyu bayan an kai ka, ranar lahadi da azahar, na ji sallama a zaure. Isufu ne da mutum biyar. Suka yi gaisuwa, suka yi addu'a, suka ƙi tashi. Can Isufu ya kira Yaya Hajo, yana ta kame-kame, ya ce tun rasuwarka an buga wasa ɗaya an ci su, yara sun karaya, ko zan taimaka in faɗa musu abin da nake faɗa maka, ko daga bayan katanga ne. Yaya Hajo ta wanke su tas. Ta ce mutum ya mutu a hannunsu suna rawa da shi, ba su ji kunya ba sun dawo neman bakin matarsa tana takaba. Ba wanda ya tanka. Ina ɗaki ina jin shirunsu. Na san shirun nan, irin wanda kake shigowa da shi ne. Na taso na tsaya bayan ƙyauren zaure, na faɗa. Ba don su ba, ba don kai ba, don dai su tafi. Suka ce amin kamar a masallaci.

Suka ci. Ka san halinsu. Duk ranar wasa suna nan, in tafiya ce Damagaram ko Tawa sai sun biyo kafin su hau mota. Daga mutum shida sun koma ba sa ƙirguwa, zaure ba ya ɗaukar su, har kan titi. Suna cire takalma. Sau ɗaya zazzaɓi ya kwantar da ni, Yaya Hajo ta maƙe murya ta faɗa a madadina, aka yi kunnen doki, har yau ba su san dalili ba, ita kuma har yau tana jin haushi. Suna aiko mini da goro, ni da ba na ci. An ce a fili sun bar wurin zamanka ba mai zama, Isufu na ajiye hularsa a kai. An ce yaran sun ce kofin naka ne. Ni kuwa in tsaya bayan ƙyaure in faɗi kalmomin nan ba komai a cikinsu, ba na so su ci, ba na so a ci su. Bakin da ya yi ƙarya, ya yi gaskiya sau ɗaya ta zama abin da ta zama, yanzu kuma fanko, shi manyan mutane ke cire wa takalma.

Yau ba zan iya ba. Tun asuba na yanke shawara. In suka zo zan gaya wa Isufu gaskiya, ya san irin bakin da suke dogara da shi. Kai ne ya kamata in gaya wa, na makara. Abin da ke ci na ke nan, in ma akwai abin da ke ci na: ka tafi kana ɗauka ina bayanka, alhali kishiyar ƙungiyarka ka aura. Ga sallamarsu nan na ji. Bari in ajiye alƙalami.

Sun tafi. Na dawo.

Na sa Yaya Hajo ta ce sauran su dakata a waje, Isufu kaɗai ya shigo zaure. Na tsaya bayan ƙyaure na faɗa masa duka. Ban rage komai ba, har man shanun da nake ƙarawa a miya, har guɗar. Na gama na jira ya yi salati ya tashi.

Sai na ji wani sauti, na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce, ko kuma duka biyun. Ya ce wannan ai ba labari ba ne, duk majalisa ta sani. Ya ce tun Rabi na goye kai da bakinka ka gaya musu matarka 'yar adawa ce. Ya ce duk ranar da aka ci ku, tun kafin mutane su gama fita kake kaɗe riga, ka ce musu ku kam sai haƙuri, ni gidana an ci wasa yau, bari in je in taya mai ɗakina murna. Ya ce har tsokanar ka suke, wai kai kaɗai ne a Maraɗi ba ka taɓa asara ba, in ba a ci a fili ba an ci a gida. Na tambaye shi, to don me kake tsayawa a zaure kana jiran bakina? Ya ce shi ma ya taɓa tambayar ka. Ka ce masa mutum ya samu wadda za ta bar tuwo a wuta ta zo ta yi masa ƙarya don ransa ya yi daɗi, me kuma yake nema.

Na dafa ƙyauren.

Sai ya ce akwai wadda bai taɓa faɗa wa kowa ba, don bai san ko ta faɗa ba ce. Ranar nan, da ka iso shagonsa za ku wuce fili, ya ga fuskarka daban. Wata biyu ba ka yi masa doguwar magana ba, amma ka kama hannunsa ka ce yau kam za ku ci, don yau da gaske take. Ya ce tun daga Sabon Gari har ƙofar fili kana tafe kamar ango, kana gaida wanda ka sani da wanda ba ka sani ba. Ya ce dariyar da nake cewa na roƙa maka, ba ƙwallon ce ta kawo ta ba, da ita ka shiga fili.

Ta ina ka gane, Maigida? Kalmomin ɗaya ne, muryar ɗaya ce, ko kai ban ɗaga ba. Shekara goma sha tara kana jin bambancin kana shiru? Kana kallo na ina ƙara man shanu, kana cinye tuwon, kana miƙo mini hannu in yanke farce, ka bar ni ina ɗauka ni ce mai wayo? Me zai ragu a jikinka in ka ce mini ka sani? Da mun yi dariyar tare ko sau ɗaya.

Fushi nake da kai. Na zauna na duba abin da ke motsi a ƙirjina, fushi ne, kuma shi ne abu na farko da na ji cikin wata huɗu. Ina ta tambayar kaina, da na san abin da zai biyo baya, da na sake yi maka ƙarya ranar? Da na yi. Wallahi da na yi, ka dawo mini kafin magariba da wuyanka a rame, mu ci gaba a haka. Amma da kai aka tambaya, na san wadda za ka zaɓa, tafiyar nan daga Sabon Gari zuwa ƙofar fili. Shi ya sa nake fushi.

Kafin Isufu ya fita ya ce mutane na jira a rana, wasu tun safe ba su ci komai ba. Ya ce in faɗa musu kawai, ko da wace zuciya ce, su duk ɗaya ne a wajensu. Ya buɗe ƙofar waje, na ji titi ya yi tsit. Na faɗa. Suka amsa, suka sa takalmansu, suka tafi da gangarsu.

Yaya Hajo ta tambaye ni ko wannan karon da gaske nake. Ban sani ba, Maigida. Na laluba ban gane ba. Mutum ɗaya ne a duniya da zai ji muryata ya gaya mini, kuma shi nake rubuta wa takardar da ba zai karanta ba.

Na tsaya nan. Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka shirunka, ya yafe mini nawa. Sai na iso.

Taka,
'yar adawar gidanka, uwar Rabi.